Kayyar Goggo Laraba

Nukkai, Jalingo.

Zuwa ga 'yata Rahila,

Ina gaishe ki cikin sunan Ubangiji, da fatan takardar nan ta same ki da ƙarfin jiki da ƙarfin zuciya. Allah ya tsare fitarki da shigarki, ya tsare motar da za ta ɗauke ki da direban da zai ja ta, ya shimfiɗa miki hanya tun daga Nukkai har ƙofar inda za ki sauka a Serti. Amin.

Na san za ki yi dariya. Uwa da 'ya a gida ɗaya, bango ɗaya ne tsakaninsu, amma sai an rubuta takarda. To ki yi dariyarki. Kin san bakina: in na fara magana sai in ɗaga murya, in yi dariya, in faɗa labarin kasuwa, in tashi ban faɗi abin da ya zaunar da ni ba. Wannan karon maganar ta fi ƙarfin in bar ta a hannun bakina, shi ya sa na ari biron babanki.

Da farko ki bar ni in faɗa miki baro-baro: murna nake yi, irin wadda rabona da ita tun ranar da aka miƙo min ke a zani. Tun da aka kira ki a waya aka ce an ɗauke ki tirenin, wato horon masu tsaron gandun daji, ban bar kowa ya huta ba. Layin masu kayan miya a Kasuwar Jalingo kaf sun ji. Mai keken da ya dawo da ni gida ya ji, har ya wuce kwanarmu garin sauraro. Wata mata ta zo sayen attarugu kawai, ta tafi da attarugu da labarin 'yata mai shiga daji da yunifom. Babanki ma, da kika san "to" ce dukan maganarsa, na kama shi yana murmushi shi kaɗai a gindin mangwaro. Ke ce fa yarinyar da ta ɓoye mana hawainiya a kwalin sabulu a ƙarƙashin gado, ta ce baƙuwarta ce. Ke ce kika daina yi wa yayanki magana don ya harbi kurciya da danƙo. Yau ga shi an ce ki zo a koya miki abin nan da kike so tun kina rarrafe, kuma a kira shi aiki. Wa zai ga wannan bai taka rawa ba? Ni kam na taka, a tsakar gida, da muciya a hannu.

Sai ga ranar Lahadi. Goggonki Laraba ta biyo mu daga coci, ta zauna a tabarma, ta kwance ɗankwali ta sake ɗaurawa, kika kawo mata ruwa kina ta zuba mata labari. Ina kallonta daga bakin kicin. Ta bari sai da kika gama tsaf, ta karkata kai gefe, ta sauke numfashi, ta ce, "Kayya, Rahila. Daji fa? Yarinya kaman kai, ka gama makaranta, ka je ka zauna da birai? Kayya." Iyakar abin da ta ce ke nan, ta shanye ruwanta ta shiga zancen bikin wasu. Amma ni na ga fuskarki ta faɗi. Jakar da kika yi ta jera wa kaya kina waƙa, da yamma na gan ta an tura ta bayan ƙofa. Jiya kuma ina tuƙa tuwo kika tsaya a kaina, murya can ƙasa, kika ce, "Mama, ko in bari sai baɗi?" Na ce miki ki miƙo min mara, domin da na buɗe baki a lokacin, da sai an ji ni har garinmu Kona. Motarki jibi ce, Rahila, kuma ke da bakinki kika gaya mana cewa wanda bai je ba za a ba wani gurbinsa. Babu wani baɗi a maganar nan.

Saboda haka ki zauna in gaya miki abin da na sani game da kalmar nan, kayya, don na riga ki shan ta. Kayya ba hani ba ce. Wanda ya hana ki abu ya fito fili, ya ce kada ki yi, kina iya tsayawa ku yi gardama har ku gane juna. Mai kayya ba ya hana ki komai. Kai kawai yake karkatawa, ya ja ƙarshen kalmar, ya bar ki da ita ki kwana. Abin da take nufi shi ne ina shakka, ban ga alamar zai yiwu ba, ina tausayinki tun kafin ki faɗi. Ita muke faɗa in an ce wani ya rasu ko mota ta kife, mu ce kayya, Allah sarki. To ki duba, abin da ake faɗa a gidan makoki aka faɗa wa tafiyar da ko fara ta ba ki yi ba. Dole mutum ya ja da baya. Abin da ya fi ba ni haushi kuma, mai faɗinta ba ya faɗuwa ta ko'ina. In kin je abin ya ƙi, ya ce ai na ce kayya. In kin je kin dace, ya ce ni yaushe na hana ta? Ya wanke hannunsa tas, ke ce kika zauna a gida.

Ni ma na sha ta, kuma daga bakin nan dai. Ina amarya, ba a daɗe da kawo ni Nukkai daga Kona ba, na lura da wani fili a bakin kogi, ƙasa baƙa mai laushi, irin wadda ruwa yake janyewa ya bari da danshi. Mai filin tsoho ne, ya ce in ina so in yi noman rani a wurin, in dai zan riƙa tsinko masa ganyen miya. Na dawo gida da gudu kamar an biyo ni. A raina na riga na shuka alayyafo, na jera kuɓewa, har na ga kaina da kwando a kasuwa ina ciniki. Na biya ta gidan maƙwabta na aro fartanya. Goggonki ce babba a gidan a lokacin, ina jin nauyinta ƙwarai, na same ta tana tsintar shinkafa a faranti. Na durƙusa na gaya mata. Ko ɗago kai sosai ba ta yi ba, ta ce, "Kayya, Saratu. Lambu? Kayya." Ko tambaya ban yi ba. Kunya ta kama ni kamar na faɗi abin da bai kamata ba, na lallaɓa na mayar da fartanyar mutane. Da rani ya zagayo, wata mata daga unguwar gaba ta karɓi filin. Shekara da shekaru ina wucewa ta wurin, ina ganin ganyenta kore shar, ina ce mata sannu da aiki, ina cizon yatsa.

Sai da na haifi yayanki na yaye shi, bakina ya yi ƙwari a gidan, sannan na tambaye ta. Na ce, "Yaya Laraba, ranar nan da kika ce min kayya a kan lambu, me kika gani?" Ta dube ni ta ce, "Wane lambu?" Na tuna mata. Ta yi dariya har da tafa hannu, ta ce, "Ni ina na san lambu? Ni ban taɓa yi ba ai. Na ga kai sabon zuwa ne, kar ka wahala." Rahila, ta ma manta! Kalmar da na ɗauka a ka shekaru ina nishi, ita ta faɗe ta ne kamar yadda mutum yake tari. Ranar na rasa ko in yi kuka ko in taya ta dariya, sai na taya ta, amma haushin kaina na ji fiye da nata.

Daga nan na koyi abin da nake so ki tafi da shi. Duk wanda ya ce miki kayya, kada ki yi fushi, kada kuma ki mayar da fartanya. Ki dube shi da ladabi ki ce, "Kayya me? Me aka gani?" Sai ki yi shiru ki jira. Sau da yawa ba za ki ji komai ba sai wata kayyar, to kin san babu komai a cikinta. In kina so ki je ki tambayi Goggonki gobe. A hanyar Serti ba ta taɓa wuce garin Bali ba, biran da take ji miki tsoro ma a talabijin ta gan su. Ba na ce ki raina ta ba, kul. Tana ƙaunarki, ita ta yi miki wankan farko, kuma tsoronta na gaskiya ne. Hanyar ce dai ba ta sani ba. Ki je ki yi mata sallama da kyau, ki durƙusa ta sa miki albarka.

Wani lokacin kuwa in kin tambaya sai ki tsinci abu mai amfani a ciki. Shekaranjiya na ɗauki but ɗin da muka saya miki na kai wa Hajja Dudu maƙwabciyarmu ta gani, don kin san a can wajen Serti ta girma, tana bin shanun mahaifinta. Ta juya takalmin, ta danna bakinsa da yatsa, ta ce, "Kayya, bingel am zai sha wuya," wato yarinyata da Fulatanci, ke take nufi. Zuciyata ta ce ga wata kuma. Amma na daure na ce, "Kayya me, Hajja?" Ta ce, "Wallahi takalmi sabo ne, Maman Rahila. In ya sa shi ranan farko ya hau dutse, ƙafa zai kumbura, fata zai fita. Ya shafa man shanu tukuna, ya yi yawo da shi a gida. Kuma a can in ya tashi da safe ya kakkaɓe shi kafin ya sa ƙafa, kunama yana son wuri mai ɗumi." Kin ji kayya mai abu a ciki! Da na yi fushi na kwashi takalmina na fito, da kin tafi da ƙafa sabuwa cikin fata sabuwa. Shi ya sa kika ga but ɗinki yana ƙyalli yana ƙamshin man shanu, ni ce na shafa. Ki sa shi yau, ki sa shi gobe, ki raka ni kasuwa da shi, masu dariya su yi.

Amma kada ki ce uwarki ta ce ki toshe kunne. Na gwada wannan ma, kuma saura kaɗan ki rasa uwa tun kafin a haife ki. Bayan na gano yadda aka yi da ni a kan filin farko, na nemi wani a ƙetaren kogi na samu, na kuwa yi taurin kai na ban mamaki. Duk wanda ya buɗe baki zai ba ni shawara, sai in ce a raina kayya ce, in wuce. Wata rana a farkon damina na cika daro da kuɓewa zan kai kasuwa. Rana tana haskawa, babu ko ɗigon hadari a kan Jalingo, kuma da safe da na ƙetare ruwan iya gwiwa yake. Na ɗora daro a ka na nufi mashigi, sai Baba Dogo, mai lambun da ke jikin nawa, ya daka min tsawa: "Kul! Saratu, kul, kar ka shiga!" Bai karkata kai ba, bai ja numfashi ba. Ya nuna da yatsa ya ce, "Duba ruwa ya yi ja. Duba kumfa da karare. An yi ruwa a kan dutse, yana zuwa." Na ce a raina, ga Laraba mai gemu. Na ce masa, "Baba, kasuwa na jirana," na tattare zani na shiga.

Ban kai tsakiya ba na ji ruwa ya doke ni a ƙugu kamar an banko min ƙofa. Daro ya tafi, kuɓewa ta bazu a kan ruwa, zanina ya bi su. Allah ya sa akwai reshen wata bishiya da ya kwanto cikin kogin, na rungume shi ina ihu da Hausa da yaren Kona a haɗe. Baba Dogo da masu ɗiban yashi suka miƙo min gora suka jawo ni. Na fito ina karkarwa da siket na ciki kawai, matar Baba Dogo ta kwance zanin goyonta ta rufa min. Tsohon nan bai ce ai na gaya miki ba. Cewa ya yi, "Sannu. Gobe ka duba ruwa." Yanzu ina ba da labarin ina dariya, musamman wajen zanin, amma har yau in na ga kogin nan ya yi ja sai in tsaya nesa da bakinsa.

To wannan ita ce kul, kuma ba gidansu ɗaya da kayya ba. Gajera ce, ba ta da lokacin jan numfashi, mai faɗinta kuma yatsansa yana kan abin da ya gani. Inda za ki, za ki ji ta da yawa daga bakin waɗanda suka daɗe a dajin. Kul kada ki sha ruwan nan, kul kada ki bi sawun nan, kul kada ki fita ke kaɗai. In kin ji ta, ki daskare a inda kike, ko da ƙafa ɗaya tana sama ne. Tambaya ta biyo baya, in kun koma masauki kuna cin abinci. Na san ki, jinina ne a jikinki, kina son a ba ki dalili kafin ki motsa. A nan kam ki fara tsayawa tukuna, ina roƙonki.

Kayya ma za ta bi ki can, kada ki ɗauka kin baro ta a Nukkai. Ranar da za a sa ku hawan dutse da kaya a baya, akwai namijin da zai dube ki ya ce wa na kusa da shi, kayya, wannan ba za ta kai ƙarshe ba. Kada ki tanka masa, numfashinki yana da aikin yi. Ki hau abinki, in kin kai sama ki miƙa masa ruwa. Wadda ta fi wuya ita ce wadda za ki ji a cikin kanki, ranar da ƙafa ta yi ciwo, waya ba sabis, abincin ba irin na gida ba, ki ce kayya, me ya kawo ni nan? Ita ma ki tambaye ta. In amsar gajiya ce da kewar gida, ki ci abinci ki kwanta, da safe ki sake duba maganar. In kuwa amsar ita ce wani yana cutar ki, ko wani babba yana neman abin da bai dace ba, to wannan ba abin haƙuri ba ne. Ki buɗe baki ki faɗa wa na gaba da shi, ki nemi inda sabis yake ki kira ni. Ko a bayan motar doya ne zan zo, kuma za su san Saratu ta iso.

Wata rana kuma, in Allah ya yarda, ke ce za ki zama babba a wurin, wata yarinya ta zo da idanu suna ƙyalli ta gaya miki abin da take son yi. Ranar ki tuna da ni. In kin ga haɗari, ki ce mata kul, ki nuna mata shi da yatsa. In ba ki ga komai ba, ba ki dai saba jin irinsa ba ne kawai, ki haɗiye numfashin nan, ki ce Allah ya ba da sa'a. Kalmar tana da daɗin faɗa, tana sa mutum ya ji kamar ya san duniya, shi ya sa take saurin zuwa baki in an fara girma.

Yanzu saura magana ɗaya, ita ce ta fi nauyi. Kada ki ɗauka uwarki ba ta jin tsoro. Ina ji. Na ji labarin masu saran itace da mafarauta da ke shiga dajin da makamai, na san aikin sintiri ba yawon shan iska ba ne. Tun ranar da aka kira ki, a ƙarƙashin duk murnar nan akwai kayya guda a maƙogwarona, tawa ta kaina. Ta fi ta Goggonki haɗari, domin na san in ni na faɗe ta, ko sau ɗaya, ko a hankali, ba za ki tafi ba. Na zaunar da kaina na yi mata tambayar da na koya miki. Kayya me, Saratu? Me kika gani? Na duba, na sake dubawa. Haɗarin aikin kin san shi kafin ki nema, kuma koya muku yadda za ku tsare kanku shi ne dalilin tirenin ɗin. Abin da ya rage a ƙasan tukunyar shi ne ina son in riƙa jin motsinki a gidan nan da safe. Wannan kuwa bai isa ya zaunar da ke ba. Kayana ne, ni zan ɗauka.

Don haka ki tafi, Rahila. Da yardata, da ta babanki, da murnata duka. Jibi zan raka ki tasha da zanina mafi kyau, zan gaya wa duk fasinjojin motar ko ke wace ce, zan ja wa direba kunne har ya gaji da ni, ki shirya jin kunya. Amma in ya tada mota kika ga na yi shiru, ni da ba na shiru, na datse leɓena, kada ki leƙo ta taga ki ce, "Mama, lafiya?" Kin riga kin san abin da nake riƙewa. Ki ɗaga min hannu kawai, ki juya ki dubi gaba.

Babanki yana gaishe ki, ya ce a rubuta miki "to", kin san abin da yake nufi. Ubangiji ya kai ki lafiya, ya tsare ki daga mugun mutum da mugun dabba da mugun ruwa, ya haɗa ki da shugabanni masu tsoron Allah da abokan aiki na kirki. Ya ba ƙafarki ƙarfi a kan dutse, ya dawo mana da ke hutu da labari cike da baki. Ni kuma ya ba ni ikon riƙe nawa bakin har motarki ta sha kwana. Amin.

Ni ce uwarki,
Saratu.